Tambaya da Amsa: Inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnati ce kaɗai?

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni tela ne a Tudun Wada. Bara aka yi wa maiɗakina tiyatar haihuwa, sai da na sayar da keken ɗinki ɗaya na kuma ci bashi kafin aka sallame mu. Kullum ana shela a rediyo a shiga inshorar lafiya. Ba ta ma'aikatan gwamnati ba ce? Kuma in shekara ta ƙare ba wanda ya kwanta ciwo a gidana, kuɗina sun tafi ke nan?

AMSA: Malam, Allah Ya raya abin da aka samu, Ya mayar maka da kekenka.

Da gaskiyarka da ka ɗauka haka. Shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da aka ƙaddamar a 2005, zamanin Obasanjo, kusan a kan ma'aikatan tarayya ya tsaya, domin cirar kuɗi daga albashi ba wuya. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshorar a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. A nan Kaduna muna da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KADCHMA, tun 2018, kuma tana rajistar masu sana'ar hannu irinka. Ka biya kuɗin shekara, ka zaɓi asibiti, a ba ka kati.

Kuɗinka kuwa ba za su dawo ba, ba zan ɓoye maka ba. Kamar adashi ne, sai dai a nan wanda ciwo ya kayar shi ke kwasa. Bana ƙila wata mai naƙuda ce a Rigasa, baɗi ƙila gidanka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yana tagar karɓar magani. Lokacin da nake aikin jinya na sha ganin uwa da goyo a baya, jikin yaron zafi rau, ta miƙa kati da takardar likita, a duba kantar magani a ce babu, ta je kemis ta saya. Ta kwance bakin zani ta ƙirga, ba su kai ba. Wani lokaci kuɗin da ake tura wa asibitin ne suka makara, wani lokaci maganin ba ya cikin jerin da aka amince. Ita dai ba ruwanta da dalili, gobe za ta gaya wa maƙwabta katin banza ne.

Don haka kafin ka zaɓi asibiti, taka ka je da kanka. Duba ko akwai ungozoma mai kwana, ko ana samun maganin zazzaɓin cizon sauro a ciki. Tambayi yadda suke tura mutum babban asibiti in abu ya fi ƙarfinsu, domin in babu takardar turawa, katin ba zai yi maka aiki a can ba. Sa a karanta maka abin da shirin ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba, da tsawon jiran da ake yi kafin kati ya fara aiki. Wanda ya bari sai naƙuda ta taso ya makara.

A ganina doka kaɗai ba za ta shigar da talaka ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma wannan ya yi kaɗan. Tela ba shi da albashin da za a cira, samunsa na Sallah daban, na damina daban. Kamata ya yi a riƙa karɓa kaɗan-kaɗan ta hannun ƙungiyoyi. Ka kai maganar taron ƙungiyarku ta teloli, ku je ofishin hukumar tare ku nemi rajista a dunƙule. In an hana ɗayanku magani, shugabanku ne zai shigar da ƙorafin da sunan dukkanku.