Tambaya da Amsa: Yankin SH2 a jikin mutum, ƙuda da tsutsa

Tambaya: Malam, an koya mana cewa akwai wani yanki na furotin da ake kira SH2, wanda ake samu a jikin mutum da ƙuda da tsutsa. Mene ne aikinsa, kuma me ya hana shi canzawa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, SH2 wani ɓangare ne mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) kusan 100 wanda ke naɗe kansa a cikin furotin mafi girma, kuma aikinsa shi ne kamawa. Idan saƙo ya iso bangon ƙwayar halitta, misali sinadarin da ke umartar ta da ta girma, sai wani furotin ya liƙa wani ɗan sinadari mai suna fosfet a kan amino asid ɗin da ake kira tairosin. SH2 na gane wannan tairosin mai ɗauke da fosfet tare da 'yan amino asid da ke biye da shi, ya riƙe su kamar yadda soket ke riƙe filogi mai ƙafa biyu, ta haka ne furotin da ke ɗauke da shi yake isa inda ake bukatarsa, saƙon ya ci gaba zuwa ciki.

Tony Pawson da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a Toronto ta Kanada a 1986, yayin da suke nazarin furotin na wani bairos mai haddasa sankara a kaji. Sunan ya fito ne daga kamanninsa da wani sashe na furotin Src, wanda tarihinsa ke komawa ga binciken da masanin kimiyya Peyton Rous ya yi kan sankarar kaji a 1911. A jikin ɗan Adam akwai irin wannan yanki kimanin 120, a cikin furotin kusan 110.

Game da rashin canzawarsa, gaskiyar ita ce yana canzawa, amma ba a ko'ina ba. Gefen da ke tantance abokin hulɗa ya bambanta daga furotin zuwa furotin, shi kuwa ramin da ke karɓar fosfet, inda wani amino asid mai suna arjinin yake, kusan bai taɓa canzawa ba, domin da zarar ya lalace kamun ya warware, halittar da ta gaji wannan lahani kuwa ba kasafai zuriyarta ke ɗorewa ba. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce gwajin 1993, inda aka sanya ƙwayar gadon GRB2 ta mutum, wadda ke samar da furotin mai ɗauke da SH2, a cikin tsutsar da tata makamanciyar ƙwayar gadon mai suna sem-5 ta lalace, kuma ta cike mata gurbin. Har ƙananan halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya, irin su Monosiga, suna da SH2 da yawa, abin da ke nuna cewa tsarin ya girmi dabbobi.

Likitoci ma sun san muhimmancinsa, domin sauyin da ya taɓa wannan yanki a furotin SHP2 yana cikin abubuwan da ke haddasa larurar Noonan, wadda kan zo da matsalar zuciya tun daga haihuwa da kuma gajarta.