Kun Tambaya, Mun Amsa: Gwamna Lugga da iyakar Ƙwanni

Tambaya (wani malamin lakwal daga Tawa): Assalamu alaikum. Gwamna Lugga da tsofaffi ke ambata, soja ne ko ɗan mulki? Da gaske shi ya raba mu da Sakkwato?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Soja ne tun asali. An haifi Frederick Lugard a Indiya a 1858, ya bi ta makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya zama ƙaramin hafsa a 1878. Ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama, sannan ya koma yi wa kamfanonin Ingila aikin bindiga a gabashin Afirka. A 1894 ya yi rige-rige da Faransawa zuwa Nikki ta ƙasar Bargu. A 1897 aka ba shi aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, ranar 1 ga Janairu 1900 kuma ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja. Daga baya ya yi gwamna a Hong Kong, ya dawo ya haɗe kudu da arewacin Najeriya a 1914. Ya mutu a 1945.

Zancen iyaka kuwa, ana ɗora masa kayan da ba nasa ba. A Turai aka yanka ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, Ƙwanni na ciki. Hakan ya tilasta wa Faransawa masu zuwa Damagaram daga bakin kogin Neja su zagayo ta arewa, ta nan wajen Tawa, inda rijiyoyi ke nesa da juna. Suka yi ta kuka har aka sake zama a 1904 da 1906, aka tura iyakar kudu, Ƙwanni da Maraɗi suka faɗo ɓangaren Faransa. Ayarin Tilho, hafsan Faransa, tare da na Ingila ne suka zo suka kafa alamomin a ƙasa.

Tambaya (wata ɗaliba daga Yamai): Yaya sojoji ƴan kaɗan suka ci garuruwa masu ganuwa kamar Kano?

Amsa: Ƴata, fara da sanin cewa Lugga bai halarci faɗan Kano ba. Kanar Morland ne ya taso daga Zariya da soja baƙar fata sama da 700, akasari Hausawa da Yarabawa, da igwa huɗu da bindiga mai aman wuta, Maxim, huɗu. Igwa ta fasa ƙofa, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari. Sakkwato ta biyo ranar 15 ga Maris.

A filin daga, dabararsu ɗaya ce. Soja su jeru kusurwa huɗu, kafaɗa da kafaɗa, ƴan dako da kayan yaƙi a tsakiya, Maxim a kusurwoyi. Ba mai harbi sai hafsa ya ba da umarni, sannan a saki wuta gaba ɗaya. Maxim na zubar da harsashi kusan 600 a minti, ruwa ke sanyaya bakinta. Barde mai lifidi da mashi sai ya ratsa wannan ruwan dalma kafin ya taɓa mutum, dokinsa kuwa ya riga shi faɗuwa. Ba ƙarancin zuciya ba ne, ko kaɗan.

Amma in jerin bai haɗu ba, shi ke nan. A Satiru, kusa da Sakkwato, a Fabrairun 1906, sojan doki na Turawa sun isa, Maxim na baya, ba su kuma gama jeruwa ba sai talakawa masu bore suka auka musu da gatura da fartanya. Turawa uku suka mutu, bindigar ma aka ƙwace. Cikin jagororin boren akwai Ɗan Makaho, wanda ya tsere wa Faransawa daga wannan ɓangare namu. A watan Maris Lugga ya aika da runduna ta shafe garin, aka kuma hana sake zama a wurin.