Tambayoyinku: Anti, in shiga aikin kamfe ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni ɗaliba ce, ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi. A zaɓen 2023 na yi rajista amma ban je na karɓo katin ba, a gida na wuni. Yanzu ga shi an fara kaɗa gangar 2027, kuma akwai mai neman shugaban ƙasa da ya kwanta min a rai. Ƙawayena sun saka ni a wani zauren WhatsApp na masu aikin sa-kai. Abba ya ce siyasa harkar 'yan jagaliya ce, ba wurin 'ya mace ba ne. Yayana kuma dariya yake min, wai wahalar banza, an gama rubuta sakamako tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Na tuna kin taɓa ambatawa a shafin nan cewa kin yi wakilcin akwati. Don Allah mene ne aikin, ana biya, kuma yana da wani amfani? Ƙanwarki daga Gwale, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ƙwarai na yi, a zaɓen ranar Asabar 25 ga Fabrairun 2023, a akwatin unguwarmu da ke harabar wata firamare. Kada ki tambaye ni wa na yi wa, shafin nan na kowa ne. Iyaka in ce miki bai ci ba, kuma tunda mutum 18 ne suka tsaya, 17 suka sha ƙasa, sai ki yi ta canka.

Abba bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa ganin ranar da ɗan takara zai shigo gari, motoci maƙare da samari da gorori, an sha an yi tatul, ba zai so 'yarsa ta raɓi wurin ba. Ni ma ban taɓa taka filin gangami ba, ba kuma zan ce ki je ba. Abin da Abba bai gani ba shi ne aikin da ake yi daga zaure zuwa ciki, inda baƙo namiji ba ya wucewa. A rajistar 2023 mata ne kashi 47.5 cikin 100 na masu zaɓe, kuma a wajenmu yawancinsu suna can bayan bangon da aka rubuta wa "ba shiga". Idan ba mace ce ta shiga ta same su ba, sai dai rediyo.

Aikinmu na farko kati ne, ba tallar ɗan takara ba. Mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC a lokacin, amma fiye da miliyan shida ba su karɓi katinsu ba, ke ma kina ciki. Hukumar ta yi ta ƙara wa'adi har zuwa 5 ga Fabrairu. Bayan la'asar muke fita bibbiyu da littafi, gida-gida: "Hajiya, kin karɓo katinki?" Wata ta ce maigida bai ba da izini ba, wata ta ce ta je layi ya kore ta, wata tana jego. Katin kuma ba a aike, sai mai shi da kanta. Haka muka riƙa yin karo-karo muna ɗaukar shatar adaidaita sahu. Waɗanda suka fi ba ni tausayi amare ne, da suka yi rajista a gidajen iyayensu a wata ƙaramar hukuma. An rufe rajista da sauya mazaɓa tun 31 ga Yulin 2022, don haka babu abin da za mu iya yi musu.

Sai koyar da dangwale, wanda mutane ke rainawa. Takardar ƙuri'a ba ta da hoton ɗan takara, ba ta da sunansa. Alamar jam'iyya ce kawai da harufanta: tsintsiya, lema, kwandon kayan marmari, uba da uwa da ɗa, da wasu da yawa da ba ki taɓa jin sunansu ba, an jero su reras. Tsohuwa ta san muryar mutuminta a rediyo, amma ki miƙa mata doguwar takardar nan sai ta tsaya tana juya ta. Mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu kawo samfurin takardar da tawada, kowacce ta gwada: yatsa a cikin gidan alamar, kada ya hau layi, a ɗan jira ya sha iska, sannan a naɗe ta a tsaye don kada tawadar ta shafi wani gidan. A zaɓen nan an jefar da ƙuri'a 939,278 a matsayin lalatattu. Ki kwatanta da 997,279 da Kwankwaso ya samu a jihar Kano kaf, ki ga yawan abin da ya tafi a banza. Mun kuma roƙi mata su ɗaga wa lalle ƙafa a makon, don na'urar tantance masu zaɓe, BVAS, kan yi gardama da yatsan da ya sha ƙunshi. Idan yatsa ya ƙi sai a koma fuska, masu niƙabi kuma sai sun ɗage. Ranar zaɓe da mayafina na riƙa kare wasu daga idon layin maza.

Duk wannan a cikin wane hali? Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin an ce a daina karɓa, sababbin babu su. Kuɗinki, amma sai kin saye shi a wajen mai POS. Ga layin mai. Ki yi sallama da maganar zaɓe a ce miki, "Wane zaɓe, baiwar Allah, mu da ba mu ɗora tukunya ba?" Masu sayen ƙuri'a kuwa ba su rasa hanya ba, sai suka koma taliya da sabulu da atamfa da tiransifa. An kawo mana namu kason mu raba, na ce ban da ni. Na san ana cewa "ki karɓa ki zaɓi ra'ayinki". Maganar tana da daɗi a baki, amma na ga matan da aka sa suka yi rantsuwa kafin a ba su ƙullin taliya, kuma mace mai tsoron Allah ba za ta karya rantsuwa a kan ɗan siyasa ba. Masu rabon sun san haka sarai.

Ranar zaɓe, a ƙa'ida ƙarfe 8:30 ake buɗewa, 2:30 a rufe layi, duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa. Mu dai sai da hantsi ya dubi ludayi kayan aiki suka iso. Shugabar akwatin 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba, sai ga ni na zama tafinta ban shirya ba. Kafin a fara ta ɗaga akwatunan uku, na shugaban ƙasa da na sanata da na ɗan majalisar wakilai, kowa ya ga babu komai a ciki, ta nuna mana na'urar tana kan sifili. Wakili ba ya taɓa takarda, ba ya bin kowa cikin rumfa, ba ya yi wa kowa kamfe a layi. Nasa ido ne da baki. Kuma ba haka kawai ake wayar gari a zama wakili ba, sai jam'iyya ta miƙa wa INEC sunanki da hotonki tun kafin ranar, an ba ki katin rataya a wuya.

Tawa ƙuri'ar na jefa ta ana kiran azahar. Bayan duk yawon nan da ciwon ƙafa, abin bai ɗauke ni minti biyu ba: na'ura ta karɓi yatsana, aka miƙo takardu uku, na shiga na dangwala, aka shafa min tawada a gefen farce. Abu ɗaya na tsaya na duba, wanda nake so ke ma ki riƙe: bayan takardar, akwai hatimi da sa hannu da kwanan wata? Ba ƙaramin abu ba ne. Kin dai tuna a shari'ar gwamnan Kano, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zaftare wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 a kan batun hatimi da sa hannu, sai a Kotun Ƙoli, ranar 12 ga Janairun 2024, aka mayar masa.

Inda aikin wakili yake na gaske shi ne bayan an rufe layi, lokacin da jiki ya mutu, yawancin mata sun koma gida ɗora girki. Magariba ta yi mana muna warewa. Babu wuta a makarantar, sai samarin unguwa suka kewaye teburin da fitilun wayoyinsu. A ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a na amsawa da ƙarfi, "Arba'in da ɗaya! Arba'in da biyu!" Idan aka zo kan wadda yatsa ya ɗan taɓa layi, sai hayaniya ta kaure, kowa na cewa tasa ce ko a jefar. Wakilin babbar abokiyar hamayyarmu telan unguwarmu ne, shi ya ɗinka wa yarana kayan sallah. Mun yi musu kamar ba mu san juna ba, amma gurasarsa muka ci tare da rana, kuma da zai je sallah ni ya ce in kula kada a taɓa komai. Da aka gama sai aka cike fom ɗin sakamako, EC8A. A nan za ki buɗe ido: adadin waɗanda na'ura ta tantance, da adadin ƙuri'un da aka ƙirga. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'u suka haura waɗanda aka tantance, akwatin ya rushe. Ki tabbata abin da aka rubuta da lamba shi aka rubuta da kalmomi, babu goge-goge, sannan ki sa hannu, ki karɓi kwafinki, ki ɗauki hotonsa da na wanda aka manna a bango. Wanda ya jefa ƙuri'a ya tafi bai bar mai tsaro ba, kamar manomin da ya yanke hatsi ne ya bar shi a gona. Shi ya sa tun da daɗewa ake cewa a kasa, a tsare, a raka. Rakiyar zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa maza na bar wa, maigidana ya zo ya ɗauke ni bayan isha'i.

To, maganar yayanki. Yana da abin kamawa. An yi wa 'yan ƙasa alkawarin ganin hoton sakamakon kowane akwati a shafin intanet na INEC mai suna IReV nan take, amma a daren na shugaban ƙasa ya ƙi hawa, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Da asubahin 1 ga Maris shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sanar da Tinubu da ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Atiku da Obi suka tafi kotu, aka kori ƙararsu ranar 6 ga Satumba, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 26 ga Oktoba. Daga cikin abin da ya kayar da su har da rashin kawo hujja akwati-akwati, a ƙasar da ke da rumfunan zaɓe sama da 176,000. Wa ke riƙe da wannan hujjar? Wakilin da ya jure har dare ya karɓi kwafinsa.

Sannan ki tambayi Yaya: idan an gama rubutawa tun farko, wane marubuci ne ya rubuta wa Tinubu faɗuwa a Legas? Wa ya ba Atiku Katsina, jihar shugaba mai ci a lokacin? Wa ya ƙwace Kano daga jam'iyyar da ke mulkinta a lokacin? Ba na cewa ba a maguɗi, ana yi, ana kuma tayar da hankali a wasu wuraren. Amma maguɗi ya fi sauƙi inda babu kowa, kuma a zaɓen nan waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin 100 na masu rajista ba.

Batun biya, kada ki sa rai. An yi mana alkawarin kuɗin abinci da na wuni. Wani abu ya shigo ta waya bayan an daɗe da watsewa, wasu ko sisi. Wayar jagoranmu ta daina shiga tun ranar da aka sanar da sakamako. Idan don ɗan takarar ya san da zamanki za ki yi, ba zai sani ba.

Shawarata, kada ki yi wa Abba ɓoye. Ki bi ta wajen Umma, ko wani kawu da yake jin maganarsa, ki faɗa masa iyakar abin da za ki yi: ba gangami, ba ofishin jam'iyya da dare, ba fita daga unguwa, gidajen da ya san masu su kawai, ke da wata babba. Ki ce Yaya ne ɗan rakiya ranar zaɓe, ya je ya ga rubutaccen sakamakon da idonsa. Idan Abba ya ce a'a, ki haƙura da wakilcin bana, ki karɓo katinki, ki koya wa matan gidanku dangwale. Zauren WhatsApp ɗin nan kuma ki binciki masu tafiyar da shi. Duk wanda ya ce ki tattaro masa lambobin katin zaɓen mata da sunan tallafi, ki fita daga harkarsa. Ƙa'idojin da na lissafa na 2023 ne, ana kuma yi wa doka gyara, don haka ki leƙa ofishin INEC na ƙaramar hukumarku ki ji yadda ake ciki yanzu.

TAMBAYA: Anti, aure ya kawo ni Kaduna daga Funtuwa, katina na can ne. In sake sabuwar rajista? Wata amarya.

AMSA: Allah ya ba da zaman lafiya, amarya. A'a, kada ki sake. Rajista sau biyu laifi ne, kuma na'urar hukumar tana kamawa: a 2022 an soke sababbin rajista sama da miliyan 2.7, da yawansu saboda haka. Sauyin mazaɓa za ki nema. Ki ɗauki katinki ki je ofishin INEC na ƙaramar hukumar da kike zaune yanzu a lokacin da rajista take buɗe, ki gaya musu unguwarku don a mayar da ke rumfar da ta fi kusa da gida. Ki je da wuri, don ana rufewa watanni kafin zaɓe, kuma sabon katin ma sai kin koma da ƙafarki kin karɓa.