Kafin ka zuba jarinka a na'urar gane motsi

Tambaya: Salamu alaikum Alhaji. Ina da ɗan shagon kayan wuta a Alaba, nan Kumasi, kuma na koyi aikin wayarin a hannun maigidana. Kwanan nan masu shaguna da gidaje daga Aboabo da Asawase suna yawan tambayar fitilar nan mai kunna kanta idan mutum ya gifta, da irin mai ƙararrawa. Na tara sidi 12,000. In je Ankara (Accra) in saro su da kuɗin duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa nema albarka. Ka je, amma kada ka kashe kuɗin duka.

Sayar da na'urar a cikin kwalinta ba ya kawo riba mai kauri. Duk wanda ya shiga Opera Square ko Zongo Lane zai saro irinta, gobe maƙwabcinka ya karya farashi. Kuɗinka yana wurin kafawa da kulawa, domin a nan ne mutane suke yin asara.

Yawancin waɗannan na'urori, waɗanda ake rubuta wa PIR, ba sa ganin hoto. Ɗumin jiki suke ji idan ya ratsa gabansu. Saboda haka ka kafa ta a tsayin mita 2 zuwa 2 da rabi, kuma ka karkata ta yadda mai shigowa zai gitta ta gabanta, don ta fi saurin kama mai gittawa a kan mai tunkararta kai tsaye. Mita 10 zuwa 12 da ke jikin kwali ma ka rage masa: a zafin Fabrairu da Maris, idan bango ya ɗau rana har ya kusa ɗumin jikin mutum, ganinta na gajarta. Kada ta fuskanci rana ko titin mota, kada ta yi kusa da janareto ko murhun mai koko. Sannan ka tuna a zango muke. Akuya na yawon dare, kyanwa na bin katanga, ga raguna a ɗaure ƙofar gida gab da Layya. Ƙararrawa ta yi kukan banza dare uku, maigida zai kashe ta, da asuba kuma a bakin masallaci a ji cewa kayanka jabu ne. Ga sito mai kaya masu tsada, ka ba su irin mai ido biyu, wadda ba ta kuka sai ɗumi da motsi sun haɗu. Ta fi tsada, amma ta fi barin mutane su yi barci.

Kulawar kuwa ita ce albashinka. Ƙurar hunturu daga Disamba tana dushe idon na'urar, gizo-gizo na saƙa a kai, tururuwa na shiga ciki, ruwan damina na bin waya ya sauka har cikinta idan ba ta ƙasa aka shigar da wayar ba. Kada ka saro ta waje wadda ba ta kai IP65 ba, wato ma'aunin hana ƙura da ruwa shiga. Ga dumso, wato yawan ɗauke wuta: tsarin da ba shi da batir, da an ɗauke wuta ya zama kwalliyar bango, kuma batirin nan mai bolt 12 yakan gaji cikin shekara biyu zuwa uku a zafinmu. Don haka tun ranar kafawa ku rubuta yarjejeniya: duk wata uku ka zo ka goge, ka gwada da tafiya a gabanta, ka auna batir, a turo maka kuɗinka ta MoMo, wato ta wayar salula. Gida ashirin a kan wannan tsari sun fi maka kwali goma a kan kanta.

Da ni ne, kashi ɗaya cikin uku zan sa a kaya, iri biyu ko uku, in kafa su a shagona mako biyu in ga halinsu kafin in kai gidan kowa. Wani kason ya tafi kan tsani, injin huda bango da mitar auna wuta mai kyau. Sauran ya kwanta. Kuɗin kaya a biya kafin aiki, ko da baffanka ne, kuma ka raba shi da kuɗin hannu a rasit. Farashin da ka faɗa kada ya wuce mako guda, tunda da dala ake shigo da kayan.

Ba ka ce ko kana da takardar hukumar makamashi ta Energy Commission ba. Dokar wayarin ta 2011 ta tanadi cewa mai takardarta ne zai yi wayarin a gini. In babu, ka riƙa aiki da mai ita har ka zauna jarrabawar.

Kada ka yi wa kowa alkawarin na'ura na kama ɓarawo. Tashin mutane take yi. Kuma ka ja kunnen yaranka su kama bakinsu game da gidajen da suka shiga, domin ranar da aka fasa sito, wanda ya san inda waya ta bi shi ake fara nema.