Jiri a sashen tiyata

Tambaya: Salamu alaikum Anti, ni ɗaliba ce nan Tawa, shekarata ta 2 a makarantar kiwon lafiya, an tura ni istaji, wato koyon aiki, sashen tiyata. Ranar farko da ana wanke ma wani tsoho rauni jiri ya kwashe ni sai da na zamna ƙasa, wallahi kunya ta ishe ni. Anti ko dai aikin nan ba nawa ba ne?

Amsa: Ƙanwata kar ki karaya, tansiyo ce, wato ƙarfin gudun jini a jijiya, ke sauka farat ɗaya in kin ga jini kuma kin daɗe tsaye, balle in ba ki karya ba ga zafin Tawa. Ki ci abinci ki sha ruwa kafin ki shiga, in kin ji zufa mai sanyi ki zamna ki sunkuyar da kai, ki gaya ma majo, wato shugaban masu jinya na sashen, ba abin ɓoyo ba ne.

Kuma aikin ba rauni kaɗai ba ne, wanda ya fito daga tiyata ke ce idonsa, ki riƙa duba tansiyo da bugun zuciya da zafin jiki da fitsari, in bandeji ya jiƙe da jini ko zuciya na gudu tansiyo na sauka ki kira likita nan take. Ki wanke hannu kafin kowane maras lafiya da bayansa, ko kin sa safar hannu.