Ɓarawo, ɗan sane ko ɗan fashi: wane suna ya dace da shi?

Wani matashi daga Garwa ya aiko da tambaya game da wasannin bidiyo waɗanda mai wasa ke shiga rigar jarumi, yana yawo yana tara dukiya da makamai. Ya ce a cikinsu akwai abokin gaba wanda ba kisa ne ya kawo shi ba, burinsa kawai ya ɗauke maka kaya ya gudu, kuma shi da abokansa sun yi gardama a kan ko ɓarawo za a kira shi ko ɗan fashi.

Ɗana, ɓarawo suna ne da ya game su duka, amma Bahaushe yana bambanta su ta yadda hannu ya kai ga kayan. Asalin sata ɗaukar abu ne a ɓoye, ba da sanin mai shi ba. Idan aka yi ta a jikin mutum, cikin cunkoson kasuwa ko tasha, ta hanyar zura yatsu a aljihu, sunanta sane, mai yinta kuwa ɗan sane. A tsohon wasan Rogue na 1980 akwai wata halitta da ke taɓa ka sau ɗaya, ta kwashe zinariyarka, ta ɓace nan take. Wannan ɗan sane ne sak. Baƙaƙen kuliyoyin Monster Hunter, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fara fitarwa a 2004, a gaban idonka suke warce abu su ruga, don haka aikinsu fizge ne. Fashi kuwa sai da tare hanya da makami da barazana, kamar ɓarawon Skyrim na 2011 da ke tsayar da kai a daji ya ce ka miƙo abin da ke hannunka ko ka mutu. Mutanen arewacin Kamaru da Cadi ba sa bukatar dogon bayani a nan, domin sun san zargina, waɗanda suka daɗe suna tare matafiya da makiyaya a hanyoyin yankin. A ganina, kiran kyanwar da ta fizgi kwalbar magani 'yar fashi girmama ta ne fiye da ƙima.

Wata mai karatu daga Kusuri ta ce ƙanenta, duk sanda ya kashe irin wannan ɓarawo ya kwashe jakarsa, sai ya ce sata a gidan ɓarawo rance ne, tana so ta san ko ya yi daidai.

Malama, bai yi daidai ba. Wannan karin magana gargaɗi ne, ba izini ba: wanda ya yi wa ɓarawo sata ya sani cewa mai gidan ya fi shi iya sana'ar, kuma zai zo ya karɓi abinsa, wataƙila har da ƙari, shi ya sa aka kira abin rance. Wanda ya dace da bakin ƙanenki shi ne rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, musamman a Monster Hunter, inda kayanka ke dawo maka idan ka buge kyanwar kafin ta tsere. In kuwa ta tsere da abu mai daraja da ƙanenki ya shiga da shi cikin kuliyoyin da gangan, to ki ce masa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.