Tambaya da Amsa: Dokokin hawan igiyar ruwa a bakin tekun Sidni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, kuma ina sha'awar koyon wasan hawan igiyar ruwa da allo a bakin tekun Bondi. Na iya iyo daidai gwargwado. Shin sai da lasisi? Kuma ko'ina na ga dama zan iya shiga da allona?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba a neman lasisi, ba a biyan kuɗin shiga, bakin teku na kowa ne. Amma ba ko'ina ake shiga da allo ba, kuma abin da zai nuna maka wurinka shi ne tutocin da jami'an ceto ke kafawa a cikin rairayi.

Tutoci biyu masu launin ja da rawaya su ne iyakar masu wanka, nan ne jami'an suka fi zuba ido. Allo mai tauri ba ya shiga tsakaninsu ko kaɗan. Tuta mai gida huɗu, baƙi da fari, ita ke nuna inda yankin masu allo ya fara. Jar tuta zalla tana nufin kada a shiga ruwa. In kuma ka ji jiniya, ka fito nan take, domin galibi kifin shak, babban kifi mai iya kai wa mutum hari, aka hango. Kada ka dogara da inda ka ga tuta jiya. Rairayin ƙarƙashin ruwa yana sauya wuri, teku na cika yana janyewa, shi ya sa ake matsar da tutocin ko da a cikin yini ɗaya.

A Bondi, wadda tsawonta ya kai kusan kilomita 1 kuma take ƙarƙashin ƙaramar hukumar Waverley, ɓangaren arewa ya fi lafawa, kuma allon soso mai laushi ake bari a can. Masu allo mai tauri kudu suke. Kai sabon shiga, arewa ce wurinka, da allon soso mai tsawon ƙafa 8. An hana shan taba da barasa a kan rairayin.

Kudu tana da wani haɗarin da ya kamata ka sani tun kafin ka jiƙa ƙafa. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa sai ya nemi hanyar komawa, sai ya taru ya bi wani kwari mai zurfi tsakanin tudun rairayi, yana gudu zuwa cikin teku. Wurin yakan yi duhu, ya kwanta luf, igiya ba ta fashewa a cikinsa, abin da ke sa baƙo ya ɗauka nan ne ya fi aminci. In ya ja ka, kada ka saki allonka, shi ne ke riƙe ka a sama. Kada ka yi kokawa da ruwan kana neman gaɓa kai tsaye, ƙarfinka ne zai ƙare. Ka tuƙa ta gefe zuwa inda igiya ke fashewa da farin kumfa, ko ka ɗaga hannu ɗaya sama, alamar neman taimako ke nan. Lambar gaggawa a ƙasar ita ce 000.

Sai ƙa'idojin da masu wasan suke bi a tsakaninsu, waɗanda a ganinmu saɓa musu ya fi jawo rauni da faɗa. Igiya ɗaya, mutum ɗaya. Wanda ya fi kusa da inda igiyar ta fara karyewa shi ke da ita. Kafin ka miƙe, waiga ta wannan ɓangaren. In akwai wani a kai, janye. Faɗawa gabansa shi ne laifi mafi girma, domin yana tafe da gudu kuma ba shi da birki. Haka nan zagayawa ta bayan wanda ya daɗe yana jira don ka ƙwace masa wuri, wannan rashin ladabi ne. In ka yi kuskure, ɗaga hannu ka ba da haƙuri, yawanci magana ta mutu.

Wajen komawa ciki bayan ka sauka, kada ka ratsa ta tsakiyar inda ake hawa. Zagaya ta gefe. In ka ga wani yana tahowa kuma babu lokacin kaucewa, nufi farin kumfan da ke bayansa ka sha dukan ruwan, ka bar masa fuskar igiyar.

Maɗaurin ƙafa kuwa, wato igiyar roba da ke haɗa ƙafarka da allon, kada ka shiga ba tare da shi ba. Ana ɗaura shi a idon sawun ƙafar da ke baya, kuma tsawonsa ya yi daidai da na allon. Lissafa da kanka: allo ƙafa 8, maɗauri ƙafa 8, ke nan duk wanda ke cikin kusan mita 5 daga gare ka allonka zai iya samunsa, ga shi kuma robar tana miƙewa. Saboda haka ba a jefar da allo a nutse idan babbar igiya ta taso, sai an tabbata babu kowa a baya. Ka riƙa duba zaren da ya haɗa maɗaurin da allon, da mannen da ke kama ƙafa, domin gishiri da rana da rairayi suna cinye su, kuma nan ne suka fi tsinkewa. A 2023 ƙaramar hukumar Byron, a arewacin wannan jiha taku ta New South Wales, ta amince da tilasta ɗaura maɗaurin tare da tara ga wanda ya ƙi.

Idan ka faɗi, faɗa a shimfiɗe, kada ka tsunduma da ka, domin ruwan masu koyo ba shi da zurfi. Ka rufe kanka da hannuwa har ka fito ka ga inda allon yake. Darasi biyu ko uku na farko ka ɗauke su a makarantar da hukuma ta ba izinin koyarwa a wurin, kuma duk ranar da ka je, ka tsaya wajen jami'an ceto ka tambaye su inda ruwa ke ja a ranar.